ZAƁEN HARSASHI DON HARBIN ƁARAYIN GONA

Jama'ar zango, ga wata magana da ta daɗe tana cin mu a rai. Yau mun ga ya kamata mu sa ta a takarda, gama abin da a ke faɗa a ƙofar masallaci bayan Juma'a iska ta kan kwashe shi, amma abin da aka buga da tafireta ya kan zauna.

Kun sani kowace shekara in Babbar Salla ta matso mu kan fita daga Washinton mu nufi ƙauyukan Bajiniya da Merilan neman ragon layya. Ta haka waɗansunmu suka saba da manoman gundumomin Loudoun da Fauquier da Frederick, har sabo ya zama amana. A cikin hira manomi ya kan kawo kukan wata dabba da ke cinye masa wake, tana haƙa ramummuka a saurar dawakinsa. Da ya ji cewa a cikin kakanninmu akwai maharba, sai ya ce in muna iyawa ga gona nan. Samarinmu kuwa jini na tafasa. Kafin a ce haka waɗansu sun sayi bindiga.

Biyu daga cikinsu sun sha wuya, ba kuwa za mu faɗi sunansu ba. Na fari ya tafi kanti ya ce a ba shi wadda ta fi kowace gudu. Aka ba shi mai cin harsashin .22-250. Ya kai ta wata 'yar gona da gidaje suka kewaye, ya yi harbi uku da sassafe, ƙara kamar aradu. Maƙwabta suka buga waya, 'yan sanda suka zo. Ba a kama shi da laifi ba, amma mai gonar ya ce ya yafe, kada wani daga cikinmu ya sake zuwa masa da bindiga. Wake ɗaya ya ɓata gari. Na biyu ya ga harsashi ya yi tsada, ya sayi kayan ɗuri na hannu, ya riƙa ɗibar albarushi da ɗan cokali yadda ya ji an ce kakansa ya ke yi a Salaga. Harbi na biyu wuta ta feso ta baya, makullin bindiga ya cije, gira ta ƙone. Tabarau ne kaɗai ya tsare masa ido.

Dukansu biyu kuskurensu ɗaya ne, watau sun zaci yawa shi ne gwaninta. Mu kuwa abin da mu ke so mu nuna a nan shi ne, a wannan sana'a gwani shi ne wanda ya zaɓi harsashi mafi ƙanƙanta da zai biya bukata, ya kuma auna kome da ma'auni, ba da ido ba.

DABBAR DA A KE MAGANA

Mutanen ƙasar nan suna kiranta groundhog, waɗansu su ce woodchuck. Dangin kurege ce, amma ta fi shi jiki nesa, ta yi kusa da gyazbin da a ke kamawa a bakin daji a Kumasi. Babba ta kan kai laba goma, wani lokaci ta ɗara. Mu sai mu kira ta kuregen rami. Ita ce wadda a ke yi wa biki ran 2 ga Fabrairu a garin Punxsutawney na Jihar Pensilbaniya, a ce wai in ta ga inuwarta sanyi zai daɗe.

Manomi dai ba ya yi mata biki. Tana cin waken soya da ciyawar shanu da kabeji da duk wani ganye mai taushi. Raminta yana da ƙofa biyu ko fiye, tulin ƙasar da ta ke fitarwa ya kan lalata injin yankan ciyawa, ramin kuma abin tsoro ne ga ƙafar doki. Da sanyi ya shigo, wajen Oktoba ko Nuwamba, sai ta shige rami ta yi barci har Fabrairu ko Maris. Tana haihuwa wajen Afrilu. Saboda haka maharba masu tausayi su kan dakata sai watan Yuni, bayan an yi yankan ciyawa na fari, lokacin 'ya'yan sun fara kiwo da kansu. Wanda ya kashe uwa a watan Afrilu ya bar jarirai su mutu da yunwa a rami. Malamanmu kuwa sun hana kashe rai don wasa. In za a yi, a yi don kare amfanin gona, a kuma yi da harbi ɗaya wanda ba ya barin dabba tana wahala.

ƊURIN DA, ƊURIN YANZU

Ɗura bindiga da hannu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Adaka, wadda a ke yi wa kirari harba-ruga, ta shigo ƙasashenmu ta bakin teku. Turawa suna kiranta bindigar Denmak saboda fataken Denmak da suka zauna a Osu ta Ankara har 1850, sa'ad da suka sayar wa Ingila gidajensu. A taron Burasal na 1890 manyan ƙasashen Turai suka ƙulla hana baƙar fata bindigogin zamani, aka bar musu mai ƙyastu da baƙin albarushi. Bindigar zamani sai a hannun soja, irin Hausawan da Kyaftin Glover ya fara ɗauka a Ikko a 1863, waɗanda suka je yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Kakannin waɗansunmu suna cikinsu.

Maharbin da ya rage da adaka ya kan zuba albarushi a tafin hannu, ya ɗura, ya danna tsumma, ya zuba dalma ko guntayen ƙarfe, ya auna tsawon ɗurin da yatsu a jikin sandar dannawa. Baƙin albarushi yana da ɗan haƙuri, in an ɗara kaɗan sau da yawa hayaƙi ne da bugun kafaɗa su ke ƙaruwa. Duk da haka kowa ya san labarin tsohon da adaka ta fashe masa ta tafi da yatsu.

Albarushin yanzu wani abu ne daban. Wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya fito da shi a 1884. Ba shi da hayaƙi, ƙarfinsa kuwa ya ninka na baƙin. A cikin bindiga mai cin .223 matsin wuta ya kan kai laba 55,000 a kan kowane inci murabba'i. Ku tuna iskar tayar motarku ba ta wuce laba talatin da 'yan kai ba. Wannan wutar kuwa tana tashi ne tazarar taƙi ɗaya daga idon mai harbi. In kiɗa ya sake, tilas rawa ta sake.

AUNA GONA KAFIN KA SHIGA KANTI

Harsashi abu huɗu ne a haɗe. Akwai kwanso na tagulla, da ɗan ƙyastu a gindinsa wanda ke ba da wuta in an ja kunama, da albarushi a ciki, da ƙwaya a baki, ita ce ke fita. A kan auna ƙwaya da albarushi da wani ɗan awo da a ke kira giren. Giren 7,000 su ne laba ɗaya, ku ga ƙanƙantarsa.

Kafin mutum ya sayi kome, ya je gonar tukuna ya taka ta da ƙafa. Daga inda zai kwanta zuwa bakin ramin yadi nawa ne? Ina gida mafi kusa? Mene ne a bayan ramin, tudu ko hanyar mota? Amsar waɗannan ita ce za ta zaɓa masa harsashi. Ga su nan daga ƙarami zuwa babba.

Na fari .22 Long Rifle, wanda ya fito tun 1887. Ƙwayarsa giren 40, gudunta wajen ƙafa 1,200 a daƙiƙa. Ya fi duka araha da rashin ƙara, amma iyakarsa a kan kuregen rami yadi 50 zuwa 75. Iska mai gudun mil goma a sa'a ta kan karkatar da shi wajen inci biyar a yadi ɗari. Ya kan kuma yi tsalle in ya bugi dutse ko busasshiyar ƙasa, yana iya tafiya fiye da mil guda. Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ku.

Sai .22 Magnum na 1959, da .17 HMR wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2002. Na biyun ƙwayarsa giren 17 ce kawai, tana gudun ƙafa 2,550. Su kan kai yadi 125 zuwa 150 in babu iska. Waɗannan ukun da muka ambata wutarsu a gefen gindin kwanso ta ke, saboda haka ba a sake ɗura su. An harba, an gama.

Daga nan sai masu ƙyastu a tsakiyar gindi, su ne a ke sake ɗurawa. Ƙaraminsu .22 Hornet. Kanar Townsend Whelen da abokan aikinsa suka gyara shi a ma'aikatar makamai ta Springfield, kamfanin Winchester ya fara sayar da shi a 1930. Ƙwaya giren 45, gudu kusan ƙafa 2,700, nisa yadi 150 zuwa 175. Ƙararsa kaɗan ce, albarushin da ya ke ci bai kai rabin na .223 ba. Ga ƙananan gonakin da ke kusa da birni, inda sababbin gidaje suka cinye saura, ba mu san wanda ya fi shi dacewa ba. Da saurayinmu na fari shi ya saya, da har yanzu muna shiga gonar nan.

Sai .222 Remington wanda Mike Walker ya tsara a 1950. Ya yi suna wajen daidaito, yana tura giren 50 da gudun ƙafa 3,100 da ɗoriya, ya kan kai yadi 225. Ƙanensa .223 Remington, wanda ya shiga kasuwa a 1964, shi ya ture shi, don shi ne ɗan'uwan harsashin sojan Amurka, ana samunsa a kowane kanti. Giren 55, gudu wajen ƙafa 3,240, nisa har yadi 300. Iskar da ta ture .22 Long Rifle inci biyar, shi inci guda da ɗan kai ta ke ture shi. Mutumin da zai sayi bindiga ɗaya tak, yana zuwa gonaki manya da matsakaita, wannan ne nasa. Sai dai a lura, harsashin soja mai lamba 5.56 ya yi kama da shi ƙwarai, amma ƙungiyar masu ƙera makamai ta ƙasar nan ta yi gargaɗi kada a sa shi a bindigar da aka rubuta wa .223 kaɗai, gama matsinsa yana iya ɗarawa.

A can ƙarshe akwai .22-250, wanda Remington ya ɗauka a 1965, mai gudun ƙafa 3,680 da giren 55, da kuma .220 Swift na 1935 wanda ya wuce ƙafa 4,000. Waɗannan na manyan filaye ne inda a ke harbi a yadi 350 ko 400. Ƙararsu mai yawa ce, suna kuma cinye cikin bututun bindiga da wuri. A cikinmu wa ya ke da gonar da ta kai haka, wa kuma ya ke da hannun da zai sami abu mai faɗin tafi a yadi 400?

ƘWAYAR DA TA DACE

Ba kowace ƙwaya ce ta aikin gona ba. A kan sami harsashi mai araha wanda aka lulluɓe ƙwayarsa duka da jan ƙarfe, irin na soja. Wannan na harbin takarda ne. In ya sami dabba ya kan huda ta ya wuce, ta ja jiki ta mutu a rami da wahala, shi kuwa ya bugi ƙasa ya tashi ya nufi inda Allah kaɗai ya sani. Wadda a ke so ita ce mai siririyar riga, mai taushin baki ko rami a baki ko ɗan tsinin roba, irin su V-Max na Hornady da BlitzKing na Sierra. Da ta taɓa abu sai ta wargaje, ta kashe nan take, ba safai ta ke tsalle ba.

Nauyin ƙwaya kuma sai ya dace da murɗin da ke cikin bututu. In kun leƙa bututun bindigar da babu harsashi a cikinta za ku ga zane a murɗe, shi ke juya ƙwaya kamar mazari don ta tafi sak. Bindigar .223 mai juyi ɗaya a inci 12 tana son giren 40 zuwa 55. Doguwar ƙwaya mai giren 69 sai mai juyi ɗaya a inci 9 ko wanda ya fi shi matsi. In ba su dace ba za ka ga ƙwaya ta bugi takarda a kaikaice.

Kowace bindiga da abincin da ta ke so. Sayi ƙaramin kwali iri uku, ka je filin gwaji, ka kafa takarda a yadi ɗari, ka ɗora bindiga a kan buhun yashi, ka harba biyar biyar. Wanda ya fi taruwa wuri ɗaya shi ne naka. Ga kuma ma'aunin da mu ke ba samari: zana da'ira da gindin gwangwanin madara a takarda. Nisan da za ka iya zuba biyar duka a cikinta, nan ne iyakarka, ko da me aka rubuta a jikin kwali.

GA MAI SON ƊURI A GIDA

Amfanin ɗurin gida biyu ne. Kwanso shi ne mai tsada a cikin harsashi, ana kuwa iya sake ɗura shi sau da dama. Sa'an nan mutum yana iya neman haɗin da bindigarsa ta fi so. Amma kayan aikin ma kuɗi ne, akwai injin matsawa, da ƙarafan gyaran kwanso, da sikeli, da ma'aunin tsawo. Wanda ba ya harba fiye da kwali biyu ko uku a shekara, ya sayi na kanti ya huta.

Da gangan ba mu rubuta awon albarushi ko ɗaya a takardar nan ba. Tafireta ta kan yi kuskure, lamba ɗaya kuwa ta isa ta makantar da mutum. Awo yana cikin littattafan da kamfanonin Lyman da Hornady da Sierra da Speer su ke bugawa bayan sun gwada a ɗakin gwaji. Littafin shi ne abin saye na fari, kafin injin. Mu akawuna mun san abin da ba ya cikin rajista babu shi. Haka nan awon da ba ya cikin littafi babu shi, ko wa ya faɗa maka.

Ga ƙa'idodin da ba a ƙetarewa. Fara daga awo na ƙasa da littafi ya nuna, ka riƙa hawa kaɗan kaɗan, kada ka taɓa wuce na sama. A ƙaramin kwanso irin na Hornet rabin giren ma babban abu ne. Albarushi iri iri ne, wani mai saurin ci ne, wani mai jinkiri, da ido kuwa ba a rarrabe su. Na ƙaramar bindigar hannu in ya cika kwanson doguwar bindiga sai ta fashe. Don haka gwangwani ɗaya kaɗai a kan tebur, kada a haɗa biyu, kada a juye shi a kwalbar da ba ta da suna. Duba kowane kwanso, mai tsaga a wuya ko mai zobe mai haske kusa da gindi a jefar. Kwanso ya kan ƙara tsawo da yawan harbi, sai a auna a datse. In ka sake ƙwaya ko ƙyastu ko kwanso, koma awon ƙasa ka faro. In makulli ya yi tauri wajen buɗewa, ko ƙyastu ya baje ya yi lebur, tsaya nan, bindiga ce ta ke yi maka magana. Ka kuma tuna ɗurin da ya yi lafiya a sanyin Afrilu yana iya yin zafi a ranar Yuli.

Rubuta kome a littafi da kwanan wata. Sa tabarau wajen ɗuri da wajen harbi, ka toshe kunne. Ba taba, ba hira, ba yara a ɗakin. Wanke hannu kafin cin abinci saboda dalma guba ce. A kulle bindiga daban, harsashi daban. Kada ka harba ɗurin wani, kada ka ba wani naka. Mai son yin ɗuri don sayarwa kuwa sai da lasin na Gwamnatin Tarayya.

DOKA

Wannan ya fi kome muhimmanci gare mu baƙi. Dokar Tarayya ta hana wanda ba shi da takardun zama riƙe bindiga ko harsashi, hukuncinta ɗauri ne, bayansa kuma kora. Wanda ya shigo da bizar ziyara ko ta karatu shi ma an hana shi, sai a 'yan wurare da doka ta keɓe, kamar in yana da lasin farauta mai rai. Duk wanda takardunsa ba su kammala ba, ya nemi lauya kafin ya taɓa ko kwali.

A cikin birnin Washinton ba a farauta. Bindiga sai an yi mata rajista wurin 'yan sanda, riƙe harsashi ba tare da wannan rajista ba laifi ne. Mazaunin Bajiniya ko Merilan da ya manta kwali a but ɗin mota ya shigo birni aiki ran Litinin, ya jawo wa kansa. Kowace jiha tana buga littafin dokokin farauta sabo kowace shekara, gundumomi kuma suna da nasu ƙarin game da girman bindiga da nisa daga gida da hanya. A karanta na bana, kada a dogara da na bara. Sabon mai neman lasin ya kan shiga ajin koyon farauta tukuna. Izinin mai gona kuwa a karɓe shi a rubuce, a sa a aljihu.

To jama'a, manomin da ya buɗe mana ƙofar gonarsa bai san mu ɗaya ɗaya ba, sunanmu duka ɗaya ne a wurinsa. Harsashi guda da ya bi ta kan rufin maƙwabci zai rufe ƙofar da aka yi shekaru ana buɗewa, har ragon layya ya gagare mu a can. Muna roƙon dattawan zango, in yaro ya ce zai sayi bindiga, a zaunar da shi a tambaye shi gonar yadi nawa ce, me ke bayan ramin, ina littafinsa, ina takardunsa. In ya amsa duka a sa masa albarka. In ya yi inda-inda a ce ya dakata, gama sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya kiyaye mu da zuriyarmu, ya bar mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.